Pseudomonas Genome Database: inda na gano harafin da ya sa ƙwayata yauƙi

Wata uku ke nan ina fama da wata Pseudomonas aeruginosa da aka ware daga kakin wani majinyaci. Wannan bakteriya ba ta cika taɓa mai lafiya ba, sai ta ga garkuwar jiki ta yi rauni, ko fata ta ƙone, ko huhu ya cushe, sannan ta yi kane-kane. Tawa kuwa ta fita daban. In na shuka ta a faranti, kashegari sai in tarar ta malale da yauƙi kamar majina, har yana ɗiga a murfi idan an kife farantin. Ita kuwa PAO1, wadda kowa ke auna sauran da ita, tsaf take fitowa.

Da jerin DNA ɗinta ya zo hannuna, Pseudomonas Genome Database na nufa, rumbun da ke tattara bayanan ƙwayoyin gadon wannan bakteriya. Kyauta ne a intanet, kuma masu bincike a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada ne ke kula da shi. Na rubuta mucA, sunan ƙwayar gadon da nake zargi, sai ga shafinta: lamba PA0763, da jerin haruffanta, da taswirar maƙwabtanta. Taswirar ce ta fi burge ni, domin nan take na ga algU, wato PA0762, tana manne da ita, mucB kuma na biye.

Maƙwabtakar ba banza ba ce. Furotin MucA yana zaune a fatar ciki ta ƙwayar, yana riƙe da furotin AlgU kamar an ɗaure akuya a turke. Muddin igiyar na nan, shiru kake ji. In ta tsinke, AlgU ya kunna ƙwayar gado algD da 'yan rakiyarta, ƙwayar ta shiga tsirto da aljinet, wato yauƙin nan da ke hana fararen ƙwayoyin jini haɗiye ta. Sau da yawa ma takan daina yin bulalar da take iyo da ita, ta zauna wuri guda. Abin da ake yawan gani ke nan a huhun masu ciwon sistik faibirosis, ciwon gado da ke cushe huhu da majina mai kauri.

Na kwafi jerin PAO1 na jera shi da nawa. A na PAO1 akwai wurin da harafin G biyar suke a jere. Nawa huɗu ne. Harafi ɗaya tak, cikin kimanin miliyan 6.3! Shi ne sauyin da ake kira mucA22: karatun ya goce, furotin ya fito guntule, ba ya iya riƙe AlgU. Sai da na ƙirga sau uku da bakin biro a jikin allon kwamfuta, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya.

Wanda bai taɓa karanta ilimin ƙwayoyin gado ba zai ga shafin kamar zanen tururuwa, don an yi shi ne saboda masu aikin ɗakin gwaji. Kuma rumbu ne, ba likita ba: zai nuna maka inda ƙwayar gado take da abin da aka rubuta a kanta, amma tabbatar da cewa ita ce sila naka ne, sai ka mayar da mucA lafiyayya ka ga ko yauƙin ya ɗauke.

Makon jiya wasu daga cikin 'ya'yan ƙwayar suka fito ba yauƙi, alhali G ɗin bai dawo ba. Zargina yana kan algU, tunda in ta lalace ba mai kunna algD, don haka yanzu shafin PA0762 ne a buɗe gabana.