Shagon wankin fim a bayan Taminus: Baba ya iya aikinsa, amma ka ce kada ya yanka

Na yi kusan wata biyu ina yawo a Jos da fim ɗaya a aljihu kafin wani mai gyaran agogo ya kwatanta mini shagon nan a wani lungu bayan Taminus. Ƙaramin ɗaki ne, hotunan fasfo ne ke ciyar da shi, amma daga ciki akwai ɗakin duhu, kuma Baba mai shagon bai daina wankin fim mai kala da hannunsa ba.

Abin da na kai masa hotunan taurari ne, aikin darare huɗu na watan Disamba a gindin duwatsun Shere, da tsohuwar kyamara Olympus OM-1 wadda ba ta buƙatar batir in za ka bar bakinta a buɗe, da fim ɗin Kodak Ektar 100. Na ɗora ta kan na'urar bin taurari, domin sama tana juyawa digiri 15 a awa guda, in ba ka bi ta ba sai taurarin su zama zare. Saita na'urar a nan wahala ce, tauraron arewa bai wuce digiri 10 daga ƙasa ba, hazon hunturu kuma can yake kwanciya. Kowane hoto minti 20 ne zuwa 30, ina tsaye cikin sanyi, hannu a hammata. Fim kuwa in hasken ya yi rauni gajiya yake yi, ninka lokaci ba ya ninka abin da ya kama. Hotuna tara kacal na samu.

Na miƙa masa ban yi wani bayani ba. Da na dawo sai ya tarbe ni da jaje: "Ɗana, fim ɗinka bai ɗauki komai ba, fari ne fes." Ya riga ya yanka shi gida shida-shida, wato kowane yanki wurin hoto shida, yadda aka saba. Da yake hoton sararin dare ba ya nuna iyakar gida a jikin nagetif, almakashinsa ya ratsa tsakiyar Andromeda, tarin taurarin da haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa magana.

Na ce, "Baba, ɗaga wancan a fitila." Ya ɗauko gilashin dubawa, ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. A tsakiyar gidan akwai ɗan tabo kamar fiffiken jemage, ga taurari uku a jere daga sama. Gajimaren Orion ke nan, inda sababbin taurari ke haihuwa. Ya ce, "Ikon Allah! Wannan a samanmu yake?" Ya ba ni haƙuri har sau uku, ya ce ba zai karɓi kuɗin wankin ba. Na matsa ya karɓa.

Shi wankin kansa babu abin kushewa. Ruwan wankin fim mai kala sai ya tsaya a zafin digiri 38, minti uku da daƙiƙa 15, kuma a sanyin Jos ruwa ba ya jiran kowa. Baba yana zaunar da kwalaben cikin roba mai ruwan ɗumi, ma'aunin zafi a ciki, yana ƙarawa daga fulas. Shi ya sa jan da iskar haidurojin ta gajimaren ke fitarwa ya fito a hoton yadda ya kamata, bai koma ruwan ƙasa ba. Ba ƙarzuwa, ba tabon ruwa, ƙura kaɗan ce duk da lokacin hunturu ne.

Inda shagon ya gaza shi ne sikanin, wato mai da nagetif hoton kwamfuta. Injinsa tsoho ne, yana ƙoƙarin haskaka baƙin sama sai ya mai da shi toka-toka mai tsakuwa. Gara ka karɓi nagetif ɗinka ka kai wani wuri. Kuma sai fim ya taru yake haɗa ruwa, za ka iya jiran mako biyu.

Fim na biyu na fara shi da hoton ƙofar gidanmu da rana, don a ga inda gida ya fara, na kuma rubuta "kada a yanka" a jikin gwangwanin. Baba ya ba ni shi a naɗe, cikakke, taurarin Kaza da 'Ya'yanta na ciki da shuɗin hayaƙin da ke kewaye da su. Ya roƙi in bar masa kwafi ɗaya, yanzu yana manne a bango kusa da kalandarsa.