Tatacciyar Wiwi a Kantunan Kanada: Amsa ga Yayana da Sauran Iyaye

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga saƙonka inda kake tambaya ko gaskiya ne a nan Kanada ana sayar da tabar wiwi a kanti kamar yadda ake sayar da sukari da ganyen shayi, tun da yaronmu yana shirin zuwa karatu. Na zaɓi in ba ka amsa a fili domin iyaye da yawa suna yi mini irin wannan tambayar, kuma akasarinsu suna tsammanin ganyen da suka sani a gida shi ne ake magana a kai. Ganyen yana nan, amma abin da ya fi cancantar hankalin uba shi ne tatacciyar wiwi, wadda kusan ba a san ta ba a garuruwanmu.

Labarin kantuna gaskiya ne. Kanada ta halatta wa manya sayen wiwi da shanta a ranar 17 ga Oktoba, 2018, ta zama ƙasa ta biyu a duniya bayan Yurugwai, sannan bayan shekara guda, a Oktoban 2019, aka buɗe ƙofa ga tatattun kayayyaki da alewa da abin sha masu ɗauke da sinadarin. Kowane lardi yana da tsarinsa. A Ontariyo, inda nake zaune, sai mutum ya kai shekara 19 kafin a sayar masa, a Albata 18, a Kebek kuwa 21. A lardinmu kamfanin gwamnati mai suna Ontario Cannabis Store shi kaɗai ke sarar wa 'yan kasuwa kaya, su kuma kantunan masu lasisi sun haura 1,500, ta yadda a wasu titunan Toronto za ka wuce biyu ko uku kafin ka kai tashar bas ta gaba.

Na shiga ɗaya daga cikinsu a unguwarmu don in gani da idona kafin in rubuto maka. Wanda ya saba ganin yadda ake cinikin wiwi a gida, a bayan tasha ko a kango, ana miƙa ƙulli cikin takarda ana waige-waige, ba zai taɓa cewa sana'a ɗaya ce ba. Wurin ya fi kama da shagon sayar da wayoyin hannu, ga fitilu, ga allon kwamfuta yana nuna suna da farashi da ƙarfin kowane kaya. Duk wanda fuskarsa ta nuna ƙuruciya sai ya nuna katin shaida. Ma'aikatan sun yi kwas na dole kafin a ɗauke su, suna amsa tambaya cikin ladabi, amma doka ba ta yarda su yi wa mutum alƙawarin waraka daga wata cuta ba. Tatattun kayan suna cikin 'yan ƙananan kwalabe masu faɗin murfin lemo, wasunsu a cikin firji.

Abin da ke sa maye a jikin wiwi sinadari ne da ake kira THC, wanda masanan kimiyya Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964. Ba a cikin ganyen ya fi yawa ba, yana taruwa ne a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu danƙo da ke lulluɓe furen macen shukar kamar raɓa. Tacewa ita ce a raba wannan danƙo da sauran jikin shukar, kamar yadda mai ƙuli-ƙuli take matse tunkuza ta fitar da mai. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, domin hashish, wanda aka daɗe ana yi a tsaunukan Rif na Maroko da kwarin Beka na Labanan da kuma Afganistan, garin danƙon ne da aka tankaɗe aka danne ya zama curi. A Indiya da Nepal kuwa da tafin hannu ake murza furen a kankare abin da ya manne, su ke kiransa caras.

Abin da ya sauya shi ne shigowar masana'antu da injuna. A kanti za ka tarar da rozin, wanda ake matsewa da zafi ba tare da an zuba wani sinadari ba, shi ya sa ya fi tsada. Akwai waɗanda ake fitarwa da iskar gas ko barasar masana'antu sannan a kore ta, wani ya fito garau kamar gilashi mai ruwan zuma yana karyewa, wani da laushi kamar kakin zuma, wani kamar man shafawa. Akwai kuma wani mai kauri da aka tace har ya kusa rasa wari gaba ɗaya, shi ake ɗurawa a cikin 'yar kwalbar sigarin lantarki. Dokar Kanada ta haramta wa mutum yin tacewa da gas a gidansa, kuma dalilin a bayyane yake, domin gidaje sun sha fashewa da masu gwadawa a nan da Amurka.

A kan ƙarfi nake so ka tsaya sosai, Yaya, domin nan ne bambancin yake. Wiwin da hukumomin Amurka suke kamawa a tsakiyar shekarun 1990 THC ɗinta bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba. Busasshen furen da ke kantuna a yau yakan kai kashi 20 zuwa 30, tatattun kayan kuwa daga kashi 60 har zuwa 90. Idan giram ɗaya yana da kashi 80, to yana ɗauke da miligiram 800 na sinadarin ke nan, alhali dokar ƙasar ba ta yarda ƙunshin alewa guda ya wuce miligiram 10 ba, kuma ma'aikatar lafiya tana shawartar wanda bai saba ba kada ya wuce miligiram 2.5 idan ci zai yi. Ashe 'yar kwalbar da za ta ɓuya a tafin hannun yaro ta kai ƙunshin alewa 80. Ita kanta dokar ta san da haka, shi ya sa aka yarda mutum ya riƙe giram 30 na busasshiya a bainar jama'a, amma tatacciya giram 7.5 kawai.

Hanyoyin shan ta uku ne a mafi yawan lokuta. Ta farko ita ce wadda suke kira dab, inda ake gasa wani ɗan kasko na gilashi da wuta, a ɗiga abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a zuƙi tururin ta cikin tulun ruwa mai kama da na shisha. Mayen yana hawa cikin daƙiƙoƙi, kuma wanda bai saba ba yakan kamu da bugun zuciya da jiri da amai da wani irin firgici kamar ana binsa. Ta biyu ita ce sigarin lantarki, wanda a ganina shi ya fi haɗari ga ɗalibi, ba don ya fi ƙarfi ba, sai don ya fi sauƙin ɓoyewa. Girmansa bai wuce biro ba, ba toka, ba baƙin leɓe, warinsa kaɗan ne kuma wani lokaci na 'ya'yan itace, saboda haka alamomin da iyayenmu suke gane mashayi da su duk babu. Ta uku ita ce ci ko sha, a alewa ko cakulan ko ƙwayar magani, inda mayen ba ya bayyana sai bayan rabin awa zuwa awa biyu, kuma yana iya ɗaukar awa 12 bai sake mutum ba. Mai gaggawa yakan ce bai ji komai ba ya ƙara, daga baya duka su taru su danne shi.

Dole in yaba musu a kan marufi, ko da yake ba na goyon bayan abin da ke ciki. Wani abokin aikina Bature ya nuna mini kwalin nasa, na juya shi gaba da baya. Ba hoto, ba ado, sai jan tambari mai siffar alamar tsayawa ta kan titi da hoton ganye da haruffan THC, sai gargaɗin lafiya cikin rawayen akwati da Turanci da Faransanci, sai adadin sinadarin da lambar rukunin da aka sarrafa da ranar da aka rufe shi, sai hatimin haraji mai launin lardin. Murfin sai an danna an murɗa a lokaci guda, saboda ƙananan yara. Ba a yarda marufi ɗaya na tatacciya ya wuce miligiram 1,000 ba, lardin Kebek ma ya ƙi yarda ƙarfinta ya haura kashi 30. Farashin giram ɗaya a kantin da na shiga ya kama daga kusan dalar Kanada 30 zuwa 60 kafin harajin kashi 13 na Ontariyo, wato abin da ɗalibi mai aikin wucin gadi zai samu cikin awa biyu ko uku.

Amfanin wannan tsari ya fito fili a 2019, lokacin da wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙar sigarin lantarki. Zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti, 68 sun mutu, kuma bincike ya gano cewa masu sayarwa a bayan fage ne suke sirka man wiwin da wani nau'in man bitamin E don ya yi auki. Amma gwajin ɗakin bincike yana tabbatar da abin da ke cikin kwalba ne kawai, ba ya mayar da shi marar illa. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya haɗa da biranen Landan da Amstadam, ya nuna cewa masu shan wiwi mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali, kuma abin da binciken ya kira mai ƙarfi shi ne kashi 10 zuwa sama. Likitoci suna nanata cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, daidai shekarun da 'ya'yanmu suke zuwa. Akwai kuma ciwon amai mai dawowa da ke kama daɗaɗɗun mashaya, wanda sukan ce wanka da ruwan zafi ne kaɗai ke lafar musu da shi.

Batun hukuncin addini ka fi ni sani, kuma halattawar gwamnati ba ta goge hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Abin da zan ƙara shi ne ɓangaren da ya shafi baƙo. Tuƙi da nanogiram 2 (nanogiram shi ne kaso ɗaya cikin biliyan na giram) na THC a kowace mililita ta jini laifi ne, daga 5 zuwa sama kuwa babban laifi, kuma tun Disamban 2018 aka ɗaga mafi tsananin hukuncin tuƙi cikin maye zuwa ɗaurin shekara 10, abin da ya sa hukumar shige da fice take ƙirga shi cikin manyan laifuffukan da za su iya raba ɗalibi, har ma da mai takardar zaman dindindin, da ƙasar. Ba wa wanda bai kai shekaru ba na iya jawo ɗaurin shekara 14, haka ma tsallaka iyaka da ita, shiga ko fita, komai ƙanƙantarta. Jami'an iyakar Amurka kuma suna iya hana baƙo shiga idan ya amsa cewa yana sha.

A gida fa, lissafin dabam yake. Wiwi haramtacciya ce a Nijeriya da Nijar, kuma binciken da aka fitar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a rahoton 2018 ya ƙiyasta masu shanta a Nijeriya da miliyan 10.6. Kana jin yadda hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya take yawan sanar da kama wiwi mai ƙarfi da ake kira Laud a tashoshin jiragen ruwan Legas, an cusa ta cikin motocin da aka yi odarsu daga Kanada, a Yamai kuma a Maris 2021 aka kama tan 17 na hashish a wani sito. Kayan suna isa, amma takardar gwajin da gargaɗin da murfin kariyar ba sa binsu, kuma abin da ake kira Kolorado a titunanmu sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran da ba na wiwi ba ma. Don haka ka ja kunnen yaron kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da 'yar kwalba ce mai kama da turare, kuma idan ya iso zan kai shi ya ga jan tambarin nan da idonsa, domin ya gane shi a jikin alewa ko lemon gwangwani idan abokan karatu suka miƙo masa. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.