Sharhina a kan tafiyar dare ta Dunwich Dynamo da bas ɗin dawowa

Toh jama'a masu ta tambayata yaya wannan tafiyar keken ta dare take, wadda ake tashi daga Landan a kwana ana tuƙi har bakin teku, ga abin da na gani. Zan fi daɗewa a kan maganar dawowa saboda nan ne kuɗina ya shiga, ita tafiyar kanta kyauta ce, ba rajista ba lamba a ƙirji ba wanda zai duba agogo ya ce kai ne na ɗaya. Tun 1993 ake yinta, a watan Yuli, daren Asabar ɗin da ya fi kusa da cikar wata. Nisan wajen kilomita 180 ne daga London Fields da ke Hackney zuwa wani ɗan ƙauye mai suna Dunwich a gaɓar Suffolk.

Zuwa wajen tashi ba wani aiki ba ne in kana cikin Landan, ka hau kekenka kawai ka je. Wanda ke nesa ya sani cewa layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa masu zurfin nan ba sa yarda da keken da ba ya naɗewa, sai dai jirgin ƙasa mai bin saman ƙasa, akwai tasha dab da filin London Fields ɗin a layin da ke fitowa daga Liverpool Street. Ba wanda zai busa usur ya ce a tashi fa. Wajen ƙarfe 8 zuwa 9 na dare za ka ga mutane suna zamewa rukuni-rukuni sai ka bi wanda ya yi maka, lokacin ma rana ba ta gama faɗuwa ba don a Yuli sai wajen 9 take faɗuwa a can.

Farkon hanyar ne kaɗai ban ji daɗinsa ba, fita daga gari a daren Asabar, danja bayan danja, ga bas-bas ga masu mota da suka ƙosa da ganin ɗaruruwan kekuna. Amma kana ratsa dajin Epping ka faɗa ƙauyukan Essex shi kenan duniya ta canja, fitilun titi sun ƙare, abin da kake gani a gabanka jerin jajayen fitilun baya ne suna lanƙwasa da hanya har inda ido ya tsaya. A nan zan roƙi duk mai niyyar zuwa, don Allah ka sa fitilar bayanka ta tsaya cak kar ka barta tana ƙyaf-ƙyaf, na bi wani bawan Allah na tsawon lokaci tashi tana walƙiya kamar ta motar asibiti har kaina ya fara sarawa, dole na taka na wuce shi ba don na fi shi ƙarfi ba. Dokar Ingila farar fitila a gaba ja a baya take nema da dare, amma ƴar fitilar cikin gari da ake sawa don mota ta ganka ba za ta nuna maka rami a waɗannan hanyoyin ba, ka nemi mai haska ƙasa sosai kuma ka lissafa batirinta, duhun zai kai awa 7 ko fiye. Wata yana taimakawa in gari ya yi garau, in akwai hadari kuwa kai da fitilarka ne.

Ba motar da ke bin ku a baya. Tayarka ta yi faci da ƙarfe 2 na dare kai za ka durƙusa ka gyara, saboda haka tub biyu da famfo da abin ɓalle taya dole ne. Gaskiya dai mutane na da kirki, ba ka tsayawa a gefen hanya ba tare da wani ya rage gudu ya tambaye ka ko lafiya ba.

Maganar ci kuma. Ƙauyuka irin su Finchingfield za ka tarar da su a cike da masu keke tsakar dare, Sudbury ita ce kusan rabin hanya, daga nan har Needham Market da Framlingham mutanen gari suna kafa tebur a ƙofar gida suna sayar da shayi da kek da burodi. Sai dai ɗan uwa ka tambaya kafin ka kai baki, mafi yawan abin zafin da ake soyawa a saka cikin burodi naman alade ne, ni guzurina na ɗauko a jaka, shayi kawai nake saya. Ka riƙe ƴan tsabar fam a aljihu, ba kowane tebur ke da na'urar kati ba. Sannan rigar sanyi, kar zafin yammacin Yuli ya ruɗe ka, tsakanin ƙarfe 3 da 4 in ka gangara kwari hazo ya kwanta sai ka ji yatsunka sun ƙi kama birki, kuma daidai lokacin ne barci yake zuwa da ƙarfinsa. Gari na fara wayewa sai jiki ya dawo, ban san daga ina ƙarfin yake fitowa ba.

Dunwich ɗin kanta ba komai a cikinta yanzu sai gidaje kaɗan da kangon wani tsohon gidan ibada da gaɓa mai tsakuwa zalla, ba yashi, in ka kalli kudu ga farar ƙubbar tashar nukiliya ta Sizewell. Wai a da tana cikin manyan tasoshin jiragen ruwan Ingila, guguwar 1286 da ta 1287 suka fara lalata mashigar, teku ya yi ta cin garin har ya cinye. Abin da wannan yake nufi a gare ka mai keke shi ne ka iso ƙarshen hanya a wurin da ba tashar jirgi, ba ka yi barci ba, kuma gidanka yana nesa da kai da kilomita 180.

Zaɓin dawowa uku ne, jirgin ƙasa ko keke ko bas. Tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce Darsham, ƴan kilomita ne daga gaɓar, amma ƙaramin layi ne kuma a wannan ranar ana taƙaita ɗaukar kekuna sosai, kar ka dogara da shi sai ka karanta sanarwar shekarar da idonka. Wasu suna ƙara taka wajen kilomita 50 zuwa garin Ipswich don su nemi jirgi a can. Akwai kuma waɗanda suke juya kan keke su koma Landan suna takawa, waɗannan Allah Ya ba su lafiya, ba layina ba ne. Ni bas na bi, wanda wata ƙungiyar masu keke ta ƴan sa-kai take shiryawa, mutane a bas kekuna a manyan motocin kwasar kaya. Ta intanet ake sayen tikitin tun kafin ranar kuma yana ƙarewa, wanda ya ce sai ya iso bakin ruwa zai nema toh ya shirya roƙo.

Abin da ya burge ni, tsarin lodin. Ka miƙa kekenka, a nuna maka motar da ya shiga, masu lodin suna jera su ɗaya kan gaba ɗaya kan baya don su ci wuri, da sauri ba hayaniya duk da kowa a gajiye yake. Bas ɗin ma ba laifi, kujera mai kwanciya, ina zama ban ƙara sanin inda nake ba sai da muka shigo cunkoson Landan, duk motar shiru sai minshari da warin safa.

Abin da bai yi min ba shi ne jira. In kana da sauri ka iso da sassafe toh za ka zauna a kan tsakuwar nan har hantsi kafin a fara tashi, jikinka jiƙe da gumi iskar teku tana kaɗa ka, layin shayi a ɗan gidan abincin bakin ruwan ya kai inda ya kai, na bayan gida ma haka. Wanda ya zo da busasshiyar riga da tawul shi ne sarki a wajen. Na biyu, keke ɗari-ɗari a mota ɗaya dole su gogi juna. Na naɗe firem ɗina da tsohuwar riga na ɗaure da tef, na cire fitilu da gorar ruwa da jakar ƙarƙashin sirdi, duk da haka fedar wani ta ɗan kankare min fenti a ƙafar baya. Ban riƙe su a zuciya ba don tun farko sun faɗa cewa kowa ya kare kekensa, amma mai keken kabon mai tsada ya yi tunani sau biyu, ko ya zo da soso ya naɗe ko'ina, musamman wajen giyar baya da ke saurin lanƙwashewa.

In maki ake so, bas ɗin na ba shi 4 cikin 5, jiran nan ne ya cinye ɗayan.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, ba a London Fields ake sauke ku ba, ka duba wurin saukar a jikin tikitinka tun kana gida. Kuma ba lallai bas ɗinka da motar kekenka su iso tare ba, mu mun riga tamu isowa sai muka zube a gefen titi muna jiranta. Da aka sauko da nawa sarƙa ta zame, na mayar da ita hannu duk baƙin mai, sannan ga sauran tafiya zuwa gida cikin motocin ranar Lahadi da gwiwar da ta sandare a bas da mazaunin da ba ya son ganin sirdi. Wannan guntun ya fi ba ni wuya a kan duk tudun da na hau da dare, saboda haka in kana da mai mota a gida ka roƙe shi tun ranar Juma'a ya zo ya ɗauke ka a wajen saukar, ka kuma bar ɗan caji a waya da za ka kira shi da shi.