Maganin ƙuma na ɗigawa a ƙeyar kyanwa: yana ci, amma sai da haƙuri

Kyanwata ta dame mu da susa ba dare ba rana. Da na buɗa gashin gindin wutsiyarta sai ga baƙin ɗigo-ɗigo kamar garin masoro. Na kakkaɓe su a farar takarda mai danshi, suka koma ja. Kashin ƙuma ke nan, jinin da ta sha ne.

Likitan dabbobi ya ba ni Frontline Plus na kyanwa, ɗan bututu mai ruwa 0.5 ml. Sinadari biyu ne a ciki: fipronil da ke kashe ƙumar da ta girma, da methoprene da ke hana ƙwai ƙyanƙyashewa. Ana raba gashin ƙeya, inda harshenta ba ya kaiwa, a matse ruwan a kan fata. Wanda ya zuba a saman gashi ya yi asarar kuɗinsa, don ta maiƙon fata maganin ke bin jiki. Kada a yi mata wanka sai bayan kwana biyu.

Washegari na ga ƙuma sun hauro saman gashi suna tangaɗi, bayan nan susar ta ragu sosai. Wurin ya ɗan yi maiƙo, ta kuma yi fushi da ni na yini guda, shi ke nan.

Inda mutane ke cewa "ai ba ya aiki" shi ne sati biyu ko uku bayan haka, sai a sake ganin ƙuma. Ni ma na gani. Sabbi ne da suka fito daga kafet, ƙarƙashin kujera da tsummar da take kwanciya, domin macen ƙuma na iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, kuma a ƙasa suke zubewa. Sai da na ci gaba da ɗigawa duk wata, ina wanke shimfiɗarta da ruwan zafi, ina shanya kafet a rana, kafin gidan ya lafa. Kuɗinsa da ɗan nauyi, amma zan sake saye.

Don Allah kada a ɗiga wa kyanwa na kare. Wasunsu na ɗauke da permethrin, wanda ke sa ta karkarwa da farfaɗiya, har ya kai ga kisa. Fiya-fiya kuwa ko kusa da ita kada a kai. Ɗan kyanwar da bai kai sati 8 ba ma a bari sai likita ya gani.