Masu Fasfo Biyu: Mun Duba Aikin Wani Ofishin Ba da Shawara a Wuse II

A hawa na biyu na wani bene a Wuse II, ba nisa da titin Aminu Kano, akwai ƙaramin ofishi mai ɗakuna uku da aikinsa ɗaya ne tak: daidaita takardun mutanen da ke riƙe da fasfo biyu, waɗanda suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka dawo Abuja da zama. Lauya ɗaya ne, akawu biyu masu lissafin haraji, sai mai karɓar baƙi. Yawancin masu zuwa yara ne da aka haifa a Amurka lokacin da iyayensu ke karatu a can, yanzu sun girma, ko likitoci da injiniyoyin da suka daɗe a waje har suka samu takardar zama 'yan ƙasa. Mun bi tsarin aikin ofishin daga zaman farko har zuwa miƙa takardu. A ɓangaren Amurka sun san abin da suke yi, ban da gurbi ɗaya mai tsada. A ɓangaren Najeriya kuwa da sauran gyara, kuma wanda ya dawo gida da zama ba zai iya kawar da kai daga wannan ɓangaren ba.

Zaman farko na awa ɗaya ne, kuma a nan ofishin ya fi burge mu. Kafin a kai mutum gaban lauya, ana miƙa masa takarda mai shafi huɗu ya cika. Tambaya ta farko: ta wace hanya ka zama ɗan Najeriya? Wannan tambaya tana da tushe. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar wa ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa damar riƙe wata ƙasar, amma wanda ya samu zama ɗan Najeriya ta rajista ko ta neman izini, idan ya je ya karɓi wata ƙasar da ba ta haihuwarsa ba, ya rasa ta Najeriya. Matan aure 'yan waje da suka yi rajista ta dalilin mazajensu su wannan ya fi shafa, kuma da yawansu ba su taɓa jin zancen ba.

Shafi na uku na takardar teburi ne mai layi goma sha biyu, an rubuta a samansa: duk asusun da sunanka ko sa-hannunka ke kai. Mun ji akawun yana bin wata dattijuwa da tambaya cikin ladabi: "Hajiya, ban da asusun albashi da na dala, akwai na ƙungiyar mata da kike sa wa hannu? Na Mama fa, da kike cire mata kuɗin magani?" Haka ya kamata a yi. Dokar Amurka ta ce duk ɗan ƙasarta da jimillar kuɗin da ke asusunsa na wajen Amurka ta haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne a cikin shekara, sai ya cika rahoton da ake kira FBAR. Jimilla ake nufi, ba kowane asusu shi kaɗai ba, kuma har da asusun da ba naka ba ne amma kana da ikon sa hannu. Idan canji na kan naira 1,500 kan dala, wajen naira miliyan 15 ke nan. Wanda ya sayar da fili a Lugbe kuɗin suka kwana biyu a hannunsa, ko aka tara masa kuɗin kujerar Hajjin iyayensa, ya haura layin ba tare da ya sani ba. Rahoton ba haraji ba ne, ko sisi ba a biya, amma rashin cika shi na iya jawo tarar da ta kai dala 10,000 ko fiye ko da ba da gangan aka yi ba. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa irin wannan tarar a kan kowane rahoto take, ba a kan kowane asusu ba, abin da ya rage wa mutane nauyi sosai. Ofishin yana neman bayanan banki na wata goma sha biyu, ya zaƙulo adadi mafi girma da kowane asusu ya taɓa kaiwa, ya juya shi zuwa dala da canjin ƙarshen shekara na Baitulmalin Amurka. Ba sa amfani da farashin 'yan canjin bayan fage na Zone 4, kuma daidai suka yi.

Tushen duk wannan wahalar shi ne Amurka, ita da Eritiriya, tana bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda yake zaune. Ingila da Kanada mazauni suke bi. Shi ya sa mai fasfon Ingila aikinsa a ofishin nan gajere ne: a cika masa fom P85 don sanar da hukumar harajin can cewa ya bar ƙasar, a tuna masa idan yana da bashin karatu ya sanar da masu bashin tunda zai wuce wata uku a waje, a duba ko ya bar gidan haya da har yanzu ake karɓar masa kuɗi. Akwai kuma yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin Najeriya da Ingila. Tsakanin Najeriya da Amurka babu irin wannan yarjejeniyar.

Mai fasfon Amurka kowace shekara sai ya cika fom 1040 muddin kuɗin shigarsa ya kai ƙa'ida. Wa'adin shi ne 15 ga Afrilu, amma mazaunin waje yana da ƙarin lokaci kai tsaye zuwa 15 ga Yuni, kuma zai iya neman a kai masa 15 ga Oktoba da fom 4868. Ofishin yana bayyana wa mutane abin da ake yawan mantawa, cewa ƙarin lokacin na miƙa takarda ne, kuɗin ruwa a kan abin da ake bin ka tun Afrilu yake fara hawa. Sun kuma san wani tarko da ke kama ma'aurata: ɗan Amurka da ya auri wadda ba 'yar can ba, idan zai cika takardarsa shi kaɗai a matsayin mai aure, ƙa'idar kuɗin shigar da ke wajabta masa cikawa dala 5 ce kacal. Kusan kowa ke nan.

Ga waɗanda suka yi shekaru ba su cika komai ba don ba su sani ba, ofishin yana bi da su ta hanyar sassaucin da hukumar harajin Amurka, IRS, ta buɗe wa mazauna waje: takardun haraji na shekara uku, rahoton FBAR na shekara shida, sai fom 14653 inda mutum zai rubuta dalilin da ya sa bai cika ba. Idan an karɓa babu tara, sai dai harajin da ya hau da kuɗin ruwansa. Lauyan yana zama da mutum a rubuta wannan bayani da kalmominsa da tarihinsa, ba a kwafo na wani a canza suna ba. Wannan ma mun yaba, domin takarda ce da ake sa wa hannu bisa rantsuwa.

Gurbin da muka ce yana da tsada yana wajen fom 2555. Wannan fom shi ke ba mazaunin waje damar cire abin da ya samu da guminsa daga lissafin haraji, har dala 126,500 a shekarar 2024, dala 130,000 a 2025, idan ya tabbatar da zamansa a waje ko ya yi cikakkun kwanaki 330 a wajen Amurka cikin wata goma sha biyu. Ofishin ya mai da wannan fom maganin kowace cuta, kusan kowa shi ake cika wa, ana ce masa ba ka da abin biya. Ga mai albashi a kamfani ko asibiti galibi haka ne. Ga mai sana'ar kansa ba haka ba ne. Likitan da ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya da sunansa, mai zanen gine-gine, mai aikin kwamfuta daga gida, duk wanda ribarsa ta kai dala 400 a shekara, akwai harajin tsaron rayuwa, wato na fanshon tsufa da lafiya a Amurka, na kashi 15.3 cikin ɗari da ke kansa, kuma fom 2555 ba ya taɓa shi. Wasu ƙasashe sun ƙulla yarjejeniya da Amurka da ke ɗauke wannan nauyi, Najeriya ba ta cikinsu. Mai ribar dala 20,000 zai biya kusan dala 2,800. A takardar tambayoyin ofishin babu layin da ya raba mai albashi da mai zaman kansa, kuma sai wanda ya tambaya ake yi wa wannan bayani. Wannan kuskure ne da ke taruwa shekara bayan shekara.

Haka nan fom ɗin ba ya rufe kuɗin haya. Wanda ke da gida a Gwarinpa yana karɓar haya, hanyarsa ita ce fom 1116, inda ake rage masa harajin da ya riga ya biya a Najeriya daga abin da Amurka ke nema. Mai 'ya'ya ƙanana ma sau da yawa wannan hanyar ta fi masa, don wanda ya zaɓi 2555 ba ya samun kuɗin tallafin yara da ake mayarwa. Kuma wanda ya zaɓi 2555 sannan ya janye, sai ya jira shekara biyar kafin ya koma, sai da izini na musamman. Zaɓi ne da ke buƙatar a lissafa hanyoyin biyu a ajiye gefe da gefe, ofishin kuwa ɗaya yake lissafawa.

A nan raunin ɓangaren Najeriya yake komawa ya cutar da na Amurka. Fom 1116 ba ya aiki sai da shaidar biyan haraji a gida. Mazaunin Abuja hukumar harajin Abuja, FCT-IRS, yake biya wa, kuma ana son ya miƙa bayanin kuɗin shigarsa kafin 31 ga Maris. Sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko, ta kai matakin sama kashi 25 cikin ɗari. Ofishin ba ya cika wa mutum wannan, ba ya karɓo masa takardar shaidar biya, sai dai a ce masa ya nemi akawu a waje. Ofishin da ke zaune a Abuja, yana yi wa mazauna Abuja aiki, bai kamata ya tura su wani wuri kan harajin Abuja ba.

Batun hidimar ƙasa ma layi ɗaya aka ba shi a takardarsu. Ɗan Najeriya da ya kammala digiri kafin ya cika shekara 30, ko a ina ya yi karatun, NYSC na kansa, kuma wanda ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa. Duk mai niyyar aikin gwamnati zai gamu da wannan tambaya. Ba a manta ba yadda Kemi Adeosun, wadda aka haifa a Landan, ta sauka daga kujerar ministar kuɗi a Satumbar 2018 kan takardar yafe mata hidimar, ko da yake a 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hidimar ba ta wajaba a kanta ba. Matashin da ya dawo yana da shekara 24 yana buƙatar a zaunar da shi a yi masa bayanin matakai, ba a nuna masa adireshin intanet ba.

Kan fasfo bayaninsu daidai ne: ka shiga Najeriya ka fita da koren fasfo, ka shiga Amurka ka fita da nata, doka ce a can. Suna kuma faɗa wa mutum gaskiya cewa muddin yana cikin Najeriya, ɗan Najeriya hukuma ta ɗauke shi, taimakon ofishin jakadancin Amurka gare shi yana da iyaka. Abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne saɓanin suna. Muhammad a fasfo ɗaya, Mohammed a ɗayan, sunan kaka ya zama sunan mahaifi a NIN, BVN kuma ta zo da nata. Suna jera takardun huɗu a kan tebur su bi harafi-harafi da jan biro, su ce a fara gyara NIN tukuna, tunda da ita Hukumar Shige da Fice ke aiki.

Game da yara, suna shirya takardar shaidar haihuwa a waje da ake nema a ofishin jakadancin Amurka kafin yaro ya cika 18. Idan ɗaya daga iyayen ne kawai ɗan Amurka, sai ya nuna ya zauna can shekara biyar, biyu daga ciki bayan ya wuce shekara 14. Wanda aka haifa a can aka dawo da shi Jos yana goye ba zai cika wannan sharaɗi ba, kuma suna faɗa masa tun kafin ya biya kuɗin nema. Suna tuna wa iyayen samari cewa rajistar sunan shiga soja ta Amurka ta hau kan namiji daga 18 zuwa 25, ko yana zaune a Kubwa. Gado ma suna tambaya: abin da ya haura dala 100,000 daga wanda ba ɗan Amurka ba sai an sanar da fom 3520, babu haraji, amma tarar jinkiri na iya kai kashi 25 cikin ɗari na dukiyar. Wanda ya yi wa kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, yana riƙe da fiye da rabin hannun jari, fom 5471 na jiransa kowace shekara, tarar barinsa dala 10,000.

Kuɗin aiki da dala ake yanke shi, a biya da naira a canjin ranar, kuma kowane ƙarin fom da farashinsa, don haka a nemi jimillar a rubuce kafin a fara. Takardu ta WhatsApp suke karɓa, har da lambar tsaron rayuwa ta Amurka da bayanan banki, abin da bai dace ba. Gara mutum ya kai da hannunsa. Daga tsakiyar Maris zuwa Yuni layi ya yi tsawo, amsar saƙo na ɗaukar kwanaki. Wanda zai je ya je a Fabrairu, ya riƙe fasfo biyun har da tsofaffi masu tambarin shiga da fita, bayanan kowane asusu na shekara, rasit ɗin harajin Najeriya, da takardar CAC idan akwai. Idan sana'ar kansa yake yi, ya faɗa tun kafin ya zauna, ya ce a lissafa masa da 2555 a kuma lissafa da 1116, a nuna masa duka biyun a takarda.