Kwalba biyu ta faladiyam daga kamfani ɗaya

Ni F8BT nake haɗawa, wato wata polima (doguwar sarƙar ƙwayoyin sinadari) mai ba da haske, wadda sinadaran fuloren da benzotiyadayazol ke bin juna ɗaya bayan ɗaya a cikinta. Ta hanyar Suzuki nake bi, wato dabarar ƙulla ƙwayoyin da taimakon ƙarfen faladiyam, don haka ragamar aikin tana hannun garin Pd(PPh3)4, sinadarin faladiyam da ke sa su ƙullu. Sau biyu na yi odarsa daga kamfani ɗaya.

Kwalbar farko ba ta da makusa. Ta zo a liƙe gam cikin iskar agon, garin rawaya ne garau. Na zuba shi tare da monoma biyun (tubalan sarƙar) cikin ruwan sinadarin tuluwin da ruwan K2CO3, na ƙara ɗigon Aliquat 336 mai taimaka wa ruwan biyu su yi aiki tare, na bar shi kwana biyu a zafin digiri 90. Da na ɗiɗɗiga ruwan cikin metanol, sai ga polimar ta fito zare-zare kamar auduga, har tana naɗe sandar juyawa. Na kashe wutar ɗakin, na haska mata fitilar UV ta nanomita 365, ta kama da kore mai sirkin rawaya. Na'ura ta nuna ƙololuwar hasken wajen nanomita 540, daidai inda ake tsammani.

Ta biyun ce ta tona asiri. Murfin ya zo sako-sako, garin ya fara komawa ruwan ƙasa. Idona ya gani sarai, gaggawa ta sa na kau da kai. Abin da ya sauka cikin metanol ƙura ce kawai, asiton kuma ya wanke mafi yawanta a na'urar wanki ta Soxhlet, alamar sarƙoƙin gajeru ne. Da farko awona na zarga, don in monoma biyun ba su zo daidai wa daida ba, sarƙa ba ta tsawo. Na sake awo, na sake haɗawa, sammakal.

Abin haushin, wannan polimar ta biyu ita ma tana haske! Kyallin ba ya gaya maka tsawon sarƙa. GPC, na'urar auna nauyin polima, ita ce ta faɗi gaskiya, alhali ita ma, da yake da polistirin ake gwada ta, takan ƙara wa polima mai ƙagewa irin wannan nauyi. Duk da wannan alfarmar, lambar ta fito abin kunya. Da na shimfiɗa polimar a gilashi kuwa, sai dabbare-dabbare.

Na aika wa kamfanin hoton garin, suka nemi lambar kwalbar, suka turo wata ba gardama. Wannan na yaba. Amma har yau ba sa rubuta ranar da suka cika kwalba. Zan sake saya, sai dai ƙananan kwalabe, in adana su a firiji, kuma duk wadda ba rawaya ba a ranar zan mayar da ita.