Garin furotin ko kiriyatin: wanne ya fi dacewa da ɗalibi mai shiga gasa?

Ƙanena, ka ce kana aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, kana wasan taikwando a rukunin 'yan ƙasa da kilo 68, akwai gasa a gabanka kuma jarrabawa na biye da ita, sannan kuɗin da ke hannunka ba zai sayi garin furotin da kiriyatin gaba ɗaya ba, don haka kana son sanin wanda ya kamata ka ɗauka. Su biyun ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa sai mun duba kowanne da kyau.

Garin furotin abinci ne da aka busar, wanda galibi ake samowa daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku da madara. Cokalin da ke zuwa a cikin robar yana ɗaukar furotin giram 20 zuwa 25. Mai atisaye sosai yana buƙatar giram 1.4 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kai kana neman tsakanin giram 95 da 135. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, saboda haka ƙwai huɗu sun maye gurbin cokali guda, kuma idan ka haɗa da awara da wake da ƙuli-ƙuli da kindirmo da busasshen kifi, waɗanda duk za ka same su a kasuwar Samaru, ka cika lissafinka ba tare da ka sayi komai daga waje ba. Abin da garin ya fi abinci da shi kawai sauri ne, domin wanda ya fito daga lacca da yamma ya wuce filin atisaye yana iya kaɗa shi da ruwa ya sha a tsaye.

Kiriyatin kuwa, wani sinadari da ake samu a nama, yana yin abin da abincin ɗalibi ba zai iya yi cikin sauƙi ba. Tsoka tana ajiye shi domin ƙarfin da ake fitarwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, irin wanda kake buƙata idan ka kai shuri uku a jere a zagayen minti biyu, ka huta minti ɗaya ka koma. Giram 3 zuwa 5 ake sha a kullum, yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu kafin tsoka ta cika, kuma kafin ka sami giram 5 daga nama sai ka ci kusan kilo guda. Sai dai yana riƙe ruwa a tsoka, har nauyi ya ƙaru da kilo ɗaya zuwa biyu, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani. Idan yanzu kana 67 da rabi, ranar awo za ta zame maka tashin hankali, kuma na san abin da 'yan wasa ke yi idan suka ga haka: su daina cin abinci, su rage shan ruwa, su sa rigar leda su yi gudu cikin zafin Zariya, sannan su zauna karatu da dare kai yana juyawa. Wannan yana cutar da wasan da karatun a lokaci guda.

Shawarata ita ce ka bar garin furotin, ka kashe kuɗin a abinci. Kiriyatin kuma ka saye shi idan akwai tazarar kilo biyu tsakaninka da iyakar rukuninka. Idan babu, ka jira bayan gasa. Ka nemi wanda shi kaɗai ne a cikin robar, mai lambar NAFDAC, ka guji haɗe-haɗen da ake tallatawa don ƙara kuzari kafin atisaye, domin yawancinsu cike suke da sinadarin kafeyin mai hana barci, wasu kuma akan samu haramtattun sinadarai a cikinsu. Dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka gano a jikinsa ko da bai sani ba, kuma tun Janairun 2024 tiramadol ya shiga jerin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Idan kana da wata matsalar ƙoda, ka fara ganin likita a asibitin makaranta.

Game da karatu, ka karɓi takarda daga ofishin wasanni ka kai wa malamanka tun kafin tafiya, kada ka bari sai an yi gwaji ba ka nan sannan ka je roƙo. A makonnin jarrabawa ka rage tsawon atisayen zuwa rabi amma kada ka daina, kuma ka kiyaye barcin awa bakwai zuwa takwas, domin a cikinsa tsoka ke gyaruwa, abin da ka karanta kuma ya zauna a kanka.